Harbin Kara da Jaridun Teburina

Aikin farko da Malam Bukar ya sa ni shi ne yanke igiyar ɗauri. Motar Kano takan iso tashar Kazaure da hantsi, a jeho ɗaurin jaridu daga saman kaya, ni kuma in tare shi da ƙirji kada ya faɗa kwata. Akwai wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho da yake ajiyewa a aljihun gaba. Ba a yankan igiya daga sama. Daga gefe ake zura wuƙar, bakinta yana kallon waje, in ba haka ba sai ka tsarge jaridar da ke sama, ita ce kuwa fuskar kaya. Sati guda na yi ina wannan kaɗai kafin ya yarda in taɓa tebur.

Na fara da wannan ne saboda jikokina da abokansu da ke zama a ƙofar gidana, kowa da wayarsa a hannu. Sun ce wai sayar da jarida ba sana'a ba ce, miƙa takarda ne kawai a ba ka kwabo. To, ku saurara.

Sunana Haruna, amma a Kazaure in ba ka ce Haruna Mai Jarida ba, ba za a gane ba. A shekarar da aka sami 'yancin kai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Bukar, bayan na gama elemantare ban sami wucewa gaba ba. Malam Bukar kakanninsa daga gabas suka zo, har a lokacin Barbarci yake yi da tsohuwarsa. Ya taɓa zama malamin sikeli a wurin sayen gyaɗa, ya bari ya kafa teburin jarida a bakin tasha. Mutum ne marar yawan magana. In ka yi daidai ba zai ce komai ba, in ka yi kuskure sai ya cire tabarau ya dube ka.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tebur ne mai ƙafa ɗaya gajera da muke tokarewa da bulo, da tampol na damina, da fensir, da almakashi, da duwatsu. Duwatsun nan ni nake ɗebo su a gindin dutse, masu sulɓi, daidai cikin tafin hannu. Ana ɗora dutse a kusurwar jarida ne, ba a tsakiya ba, don kada ya rufe babban labari. Jaridar da ta kwana ba a saya ba, sai mu yanke kanta da almakashi mu mayar Kano, gangar jikin kuma masu ƙosai da masu tsire su kwashe, teloli ma su zo su zaɓi masu faɗi don yanka samfurin riga. Sai keke mai kariya, wanda da shi nake zaga ofisoshin En'e, wato hukumar sarki, da makarantu da gidan alƙali.

Amma babban kayan aikin ido ne. Kowace safiya kafin in hau keke, Malam Bukar sai ya jera jaridun ranar, ya sa ni in karanta shafin farko na kowacce. A nan na koyi Turancin da ban samu a aji ba. In na gama sai ya ce, "To, me wannan ta faɗa wanda waccan ba ta faɗa ba?" In na kasa ya ce in sake. Yakan ce kowace jarida tana da ubangida, wata gwamnati ce ke ciyar da ita, wata jam'iyya, wata ɗan kasuwa, don haka in san wanda ya aiko ta kafin in yarda da saƙonta. Da fari na ɗauka wahalar da ni kawai yake yi.

Masu sayenmu kowa da halinsa. Akwai akawun baitulmali da ba ya karɓar jaridar da wani ya buɗe, sai ya shinshina ya tabbatar sabuwa ce. Akwai malaman makaranta da ke haɗa kai su sayi ɗaya su yi ta yawo da ita har ta yi laushi. Akwai masu karatun tsaye, waɗanda ba su taɓa saye ba, amma kullum suna nan, hannu a baya, suna karanta rabin da ke sama, suna roƙon a juya musu. Malam Bukar bai taɓa korar su ba. Sai kuma waɗanda ba su yi boko ba, manoma da direbobi da dillalai, su ne ke taruwa bayan la'asar, in hau kan benci in karanta musu jaridar Hausa, in fassara musu ta Turanci. Wannan karatun la'asar shi ya sa aka san ni.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai sana'ar ta buɗe. Masinja ma ya fara sayen jarida yana saƙalawa a hammata. Jaridu suka yawaita, har da masu fitowa da yamma masu hotuna. Na sayi babur, na fara kai kaya Roni da Gwiwa, Babura kuma sau ɗaya a mako, in biya ta Kanya Babba. A lokacin idon Malam Bukar ya yi rauni, ya bar mini teburin, amma kullum jikansa yakan rako shi ya zauna a kujerarsa ta gefe, yana jin abin da ake yi.

Mummunar shekarata ta zo ne bayan soja sun miƙa mulki, siyasa ta dawo da zafinta. Wata safiya direbobin da suka taho daga Babura suka kawo labarin an yi harbi a karar shanu ta wata kasuwar ƙauye kusa da iyaka. Ba zan faɗi sunan garin ba, mutanensa sun sha isasshen bayani. Kowa da abin da ya ji, babu wanda ya gani. Kwana biyu ana ta jita-jita, a rana ta uku jaridu suka iso da labarin.

Na yanke igiya, ta saman ita ce babbar jaridar nan ta Turanci da ake bugawa a Kudu. Da baƙaƙen haruffa rabin shafi ta ce makiyaya sun buɗe wa manoma wuta a kasuwa, faɗan gona da shanu ne, gawarwaki ba su ƙirguwa. Tashar cike take. Ban jera sauran ba, ban karanta abin da ke ƙasan kanun ba. Na ɗaga ta sama na shiga tsakanin motoci ina shelar abin da ta ce da Hausa. Kafin rabin sa'a ta ƙare ƙaf, har da waɗanda ba sa jin Turanci sun saya.

Na dawo tebur ina shirin aika saƙo Kano a ƙaro mini, sai na ga Malam Bukar ya cire tabarau.

"Haruna, wa ya ga makiyayan da suka yi harbin?"

Na ce, "Jarida ce ta faɗa, Malam."

"Wacce daga ciki? Jera mini su. Karanta."

Na jera su kamar lokacin da nake yaro. Na fara da kwafin da nake ajiye wa akawun baitulmali na ta Kudun. Da na sauka ƙasan kanun, sai na ga wakilin nasu daga Kano ya rubuto, bai ambaci ko mutum ɗaya da ya yi magana da shi ba, sai dai an ce, majiya ta ce. Ko sunan garin bai rubuta daidai ba, ya kuma ajiye shi a wata ƙasar hakimi daban.

Ta gwamnati kuwa, shafinta na farko hoton wani babba ne yana buɗe famfo. Sai da na kai shafi na ciki, ƙasan tallan taya, na sami labarin, bai kai tsawon yatsa ba. Ta ce an ɗan sami hargitsi a wata kasuwa, an shawo kansa, jama'a su ci gaba da harkokinsu. Ba ta ce an mutu ba, ta ce an yi asarar da ba a tantance ba.

Jaridun jam'iyyu biyu ne a teburina. Ɗaya ta ce 'yan bangar abokan hamayya ne suka je tsorata ƙauyen da bai zaɓe su ba. Ɗayar ta ce ga sakamakon mulkin waɗancan, sun kasa tsare ko kasuwar ƙauye. Duk su biyun sun fi ba shugabanninsu wuri fiye da waɗanda aka harba.

Ta yamma mai hotuna ita ce ta fi ba ni kunya. Ta ƙirƙiro wa jagoran maharban laƙabi, ta ce harsashi ba ya cin sa, ta ba shi shafi biyu kamar wani gwarzo. Ta buga hoton gawarwaki a kwance, amma a bayansu itatuwan kwakwar manja ne. Na faɗa wa Malam Bukar. Ya ce, "A arewacin Babura?" Ya mayar da tabaransa.

Ya ce, "Guda biyar ka karanta mini. A cikinsu wacce ta faɗi sunan mutum ɗaya da ya mutu?"

Babu.

"To kai ka zaɓi ɗaya ka ba ta bakinka. Takarda ba ta da murya a garin nan, kai ne muryarta."

Kafin azahar maganar ta zaga gari. Matan Fulani da suka shigo da nono suka koma da ƙwaryarsu a cike, wasu samari sun hana a saya. Washegari na je Roni kai kaya, na tarar ana maganar a je a tashi rugagen da ke yamma da gari kafin su ma su yi mana irin ta can. Wani da na sani sarai ya ce mini, "Ai kai ma ka faɗa a tasha."

A ranar da ta biyo baya Arɗo Buba ya zo teburina. Dattijo ne daga wata ruga kusa da Gwiwa, na san shi domin yakan tsaya a gefe ranar kasuwa ya ji karatun la'asar, in an zo labarin rigakafin shanu ya matso. Ya yi sallama, ya gaida Malam Bukar, ya jingina sandarsa da tebur. Mutane suka ja baya suna kallonsa.

Ya ce, "Mai Jarida, an ce takarda ta yi maganar abin da ya faru a kara. Ɗana Yero yana ciki. Shi ya kora mana bijimai biyu can. Shekaranjiya muka dawo daga binne shi. Ina so ka karanta mini abin da aka rubuta a kansa."

Muka yi masa ta'aziyya. Na ce, "Baba, ba a rubuta komai a kansa ba."

"To me aka rubuta?"

Na gaya masa, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ba. Da na zo kan ta Kudu, na ce masa wannan ni da bakina na yi shelarta a tashar nan, ban bincika ba. Ya daɗe yana kallon jaridar, kamar zai gane wani abu a jikinta.

Ya ce, "Wato mu muka kashe shi."

Sannan ya faɗi abin da ya tarar, a gaban duk wanda ke wurin. 'Yan fashi ne suka zo da a-kori-kura bayan azahar, lokacin da ciniki ya nuna, suka nufi rumfar dillalai. Wani ya yi ihu, mutane suka taso, sai suka buɗe wuta ta ko'ina, suka tsallaka iyaka. Ya ce a jere aka yi wa mamatan salla, makiyayi kusa da manomi, da wata mai fura, da wani ɗan Nijar mai canjin sefa. Ya ce manomin da ya ɗauko gawar Yero a amalankensa, shi ma ƙaninsa na cikin waɗanda aka kwantar.

Malam Bukar ya ce, "Haruna, akwai mai a babur ɗinka?"

Aikin da na yi a kwana biyun nan ba na mai sayar da jarida ba ne, amma shi na fi tunawa a sana'ata. Na biya Roni na ɗauki Malam Lawan, wani malamin firamare da ke aika wa jaridar Hausa ta mako-mako wasiƙu, wani lokaci a buga, wani lokaci a share. Muka tafi ƙauyen. Mai gari ya haɗa mu da limamin da ya yi sallar, shi kuma ya zaga da mu gida-gida. Malam Lawan yana tambaya, ni ina rubutawa da fensirin tebur a bayan takardar ɗauri: sunan mamaci, sunan ubansa, garinsu, abin da ya kawo shi kasuwa. In na rubuta sai in maimaita wa masu gidan, su ce haka ne, sannan mu tashi. Mai furar sunanta Hajara, mijinta ya ce a rubuta cewa ita ke riƙe da marayun 'yar'uwarta. Na ɗan Nijar ɗin sai da muka jira wani abokin cinikinsa ya zo daga ƙetare ya ba mu cikakken sunansa. Wanda aka ce an ji ya mutu amma ba a ga gawarsa ba, ba mu sa shi ba. Daga baya ma ya dawo da ƙafarsa.

Malam Lawan ya kwafe da biro a takarda mai kyau. Direban motar jaridu, Allah ya jiƙansa, ya karɓa ya sa a aljihun rigarsa ya ce ba zai ba kowa ba sai mai ɗauko ɗaurin jaridar Hausa daga inda ake buga ta, shi kuma ya kai hannun edita. Haka aka yi.

Kafin ta fito, kowace la'asar sai in jera jaridun nan biyar a benci in karanta su gefe da gefe, in nuna hoton kwakwar manja, sannan in karanta sunayen da muka rubuto. Na yi a Kazaure, na yi a Roni, na yi a Gwiwa ranar kasuwa. A Roni wani ya ce an saye ni. Wani tsoho ya tambaye ni in maimaita suna na huɗu, na maimaita, ya ce ai ɗan ƙanwarsa ne da ke aure a can, bai ji ba sai yanzu. Ba a je rugagen ba. Ban ce ni na hana ba, domin dagatai da limamai sun yi nasu ƙoƙarin, amma na san an daina cewa jarida ta faɗa.

Shekarar ba ta yi mini daɗi ba. Mutanen jam'iyyun biyu duk suka janye daga teburina, kowanne yana ganin na tozarta jaridarsa a bainar jama'a. Dillalin ta Kudu a Kano ya ji labari ya ba wani kayansa, na yi wata da watanni ba na samun ta, ita ce kuwa ta fi tafiya. Har babur na kusa sayarwa. Masu karatun tsayen nan da ba su taɓa saye ba, su ne suka fara sayen ta Hausa, wai don kada teburin ya tashi. Akawun baitulmali ya ci gaba da zuwa yana shinshina abin da ya samu. Masu ƙosai ba su fasa ba. Da waɗannan na fita shekarar, kuma har gobe ina yi musu addu'a, su da Malam Bukar, wanda bai sake tayar mini da maganar shelar nan ba har ya koma ga Allah.

Ta Kudun ta gyara labarinta bayan makonni, a layi uku, a shafin da ake buga sanarwar canjin suna. Ta gwamnati ta sake komawa kansa ranar da aka ce an kama wasu, da hoton bindigogi a jere. Na jam'iyyu sun wuce zuwa wata rigimar. Abin da nake so ku riƙe shi ne, yawancinsu ba ƙarya zalla suka yi ba. An yi harbi, an mutu. Amma wata tana kallon wanda ya harba, wata tana kallon kujerar da za ta girgiza, wata tana kallon yawan kwafin da za ta sayar. Wayoyin da ke hannunku ma haka suke, sai dai ku ba ku da wanda zai sa ku jera su.

Jaridar Hausa ta fito da wasiƙar a mako na biyu. Editan bai taɓa sunayen ba, ya ba su rabin shafi, kowanne a layinsa. Na ware kwafi ɗaya na tafi da shi Gwiwa. Na sami Arɗo Buba a gindin wata tsamiya a bakin kasuwa, inda masu shanu ke zama. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa tun daga sama har ƙasa.

Da na gama ya ce, "Nuna mini inda yake."

Na ɗora yatsa a kan layin. Ya kawar da nawa ya ɗora nasa.

"Wannan ɗin duka?"

Na ce, "Daga nan zuwa nan Yero ne. Wannan na gaba sunanka ne, Baba. Sauran ya ce makiyayi ne daga ƙasar Gwiwa, ya kawo bijimai biyu."

"Na sama da shi fa?"

"Ƙanin mutumin da ya ɗauko shi a amalanke ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro kuɗi zai ba ni, na ce na kawo masa ne kyauta. Ya ce a'a, wannan saye zai yi, kuma in samo masa ta biyu. Na ce me zai yi da biyu, shi da ba ya karatu. Ya ce ɗaya ta uwar Yero ce. Ɗayar kuma ranar kasuwa mai zuwa zai kai wa mai amalanke, don bai sani ba ko an kai musu jarida can.